Gaskiya ko Jita-jita: Zaman Rayuwa da Makomar Anka, Gummi da Bukkuyum

Duk inda mutanen yammacin Zamfara suka haɗu, ko a tashar mota, ko a majalisar bayan la'asar, ko a wurin suna, hira ba ta nisa sai ta gangaro kan tambaya guda: ina ƙasar nan ta dosa? Amsoshin da muke ba juna sun kusa zama hadda. Wasu daga bakin dattawa muka ji su, wasu daga rediyo, wasu kuma saƙon murya ne da ya yi ta yawo a WhatsApp har aka manta wanda ya fara shi. Masu faɗin su ba maƙaryata ba ne. Mutane ne da suka ga tashin hankali da idonsu, suna neman bayanin da hankali zai kwanta da shi. Sai dai yawan maimaita magana ba ya mayar da ita gaskiya, kuma da irin waɗannan maganganu ne magidanci yake yanke shawarar ko ya yi shuka bana, ko ya bar ɗansa ya tafi ramin zinare, ko ya kwashe iyalinsa ya nufi Gusau. Don haka ya dace mu zauna mu tace su.

"Tun asali ƙasar nan a baya take"

Matasa ne suka fi yin wannan magana, kuma suna da uzuri. Wanda aka haifa wajen 2005 bai tashi ya ga wata Zamfara ba sai ta harbe-harbe da kuɗin fansa. Amma tarihi bai goyi bayan maganar ba. Zamfara tsohuwar daula ce da ta yi zamani da Kabi da Katsina da Gobir. Bayan Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen 1764, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka, shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Zamfaran Anka, kuma shi ke shugabantar majalisar sarakunan jihar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. A Gummi aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, tsohon Alƙalin Alƙalan Arewa, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Sarkin Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya shugabanci Babbar Kotun Abuja kafin ya hau sarauta a 2013.

Ƙasar kanta ma ba ta rowa. Gulbin Zamfara ya ratsa yankin, fadamarsa tana ba da shinkafa da kayan lambu, tudu kuma yana ba da gero da dawa da wake. Lokacin da aka cire jihar daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, da noma ta yi wa kanta kirari. Abin da muke ciki yanzu yana da lokacin da ya fara, kuma iyayenmu suna tuna lokacin da ake tashi daga Anka a bi ta Daki Takwas zuwa Gummi da dare ba tare da fargaba ba.

"Zinare ne zai fitar da mu daga talauci"

Akwai zinare, wannan ba gardama. Tun shekarun 1930, zamanin Turawa, ake haƙar sa a Lardin Sakkwato. Abin da ya sauya shi ne farashi. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, kuɗin zinare ya tashi, ya haura dala 1,000 kan kowace oza a 2009, sai manoma da yawa a Anka da Bukkuyum suka ga ramin ya fi gona saurin kawo kuɗi. Inda kuskuren yake shi ne ɗaukar cewa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa a hannun waɗanda ke zaune a kanta.

Mu bi dutsen tun daga rami. Saurayi ya ɗaura fitila a goshi, ya kama igiya ya sauka cikin rami mai zurfin gaba da yawa, wanda ba abin da ya tallafe bangonsa. Ya sassaƙo dutse, a jawo shi sama cikin buhu. A farfasa da guduma, a kai injin niƙa, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama ƙwayoyin zinaren, sannan a ƙona zaibar ta tashi hayaƙi, mai ƙonawa yana shaƙa. Abin da ya saura ɗan dunƙule ne da bai kai ƙwayar wake ba. Kafin kuɗinsa ya iso aljihun wanda ya shiga ramin, mai rami ya cire rabonsa, wanda ya ɗauki nauyin abinci da kayan aiki ya cire nasa, mai inji ya karɓi ladansa, dillali ya saya a farashin da shi ya yanka. A wuraren da masu bindiga suka mamaye, su ma suna da kasonsu, wani lokaci ma tilasta mutane suke yi su haƙa musu. Daga nan zinaren ya kama hanyar kan iyaka, yawancinsa ba tare da ya shiga lissafin hukuma ba.

Ta fuskar doka ma, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya danƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta bar ba da lasisi a Abuja. Ƙaramar hukumar Anka ba ta da ikon cewa zinaren ƙauyen Bagega nata ne.

Me ya sa maganar ta ƙi mutuwa? Domin labarin wanda ya dace shi ake bayarwa. Kowa ya san yaron da ya samu a dare ɗaya ya sayi babur ya yi aure. Mutum ɗari da suka yi watanni suka dawo da bashi da tari ba su da mai ba da labarinsu, su ma kunya ba ta barin su faɗa. Ba muna cewa a raina sana'ar ba, domin tana ciyar da gidaje masu yawa a lokacin da gona ta gagara. Amma zinare zai amfani gari ne idan mahaƙa sun haɗu cikin ƙungiya mai rajista, ana sayen kayansu a fili bisa ma'auni, kuma ana ganin harajinsa a rijiya da asibiti.

"Maganar gubar dalma ta wuce, an riga an gama da ita"

A nan ya kamata mu fi daɗewa, domin rayukan yara ne a ciki.

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka suka lura agwagi suna mutuwa, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, wasu su suma, cikin kwanaki kaɗan a rasa su. Wasu iyaye suka ce iska ce, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, kuma ba wanda zai zarge su, domin alamomin sun yi kama. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka iske abin, suka ba da maganin zazzaɓi bai yi aiki ba, sai aka aika jini waje aka auna. Dalma ce. Dutsen da ake haƙowa a wasu ramuka cike yake da ita, kuma ana kawo shi cikin gida, mata suna daka shi a turmi, ana niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, inda yaro mai rarrafe yake wasa yana kai hannu baki. Yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum.

Abin da aka yi bayan nan ya cancanci kowane ɗan yankin ya san shi. Gida-gida aka bi, aka kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna, aka kwashe aka binne a ramuka nesa da gari, aka zuba ƙasa mai tsabta. Sai da aka yi haka sannan aka ci gaba da ba yara maganin da ke jawo dalma daga jini, domin ba amfani a yi wa yaro magani a mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Ƙauyuka bakwai aka fara tsabtacewa a 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan matasa 'yan fafutuka da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Dubban yara suka samu magani, mace-macen suka tsaya, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar. A ganinmu, wannan shi ne babban abin da yankin ya taɓa nunawa: sarakuna da malamai da mahaƙa da mata a cikin gida sun yarda da bayanin da aka yi musu, sun sauya yadda suke aiki, bala'i ya ja da baya.

Amma ja da baya daban, ƙarewa daban. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, tana nan cikin dutsen da ake ci gaba da haƙowa. Buhu ɗaya aka shigo da shi gidan da aka tsabtace, aiki ya dawo sabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa: yaro ya rayu amma karatu ya gagare shi, ko ji ya ragu. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta hanya iri ɗaya.

Dalilin da ya sa muke saurin cewa abin ya wuce a fili yake. Dalma ba ta da wari, ba a ganin ta, babba yana iya ɗauke da ita ya yi ta harkokinsa. Ga kuma tsoron cewa in an yi maganar za a rufe rami a rasa abinci. Akwai ma masu cewa shan nono ko madara yana wanke ta. Abinci mai gina jiki yana taimakon yaro, amma ba ya fitar da dalmar da ta riga ta shiga. Abin da ke karewa shi ne kada dutse ya shigo gari, a niƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi, kada injin hatsi ya taɓa shi, kuma mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

"Zinare ne ya kawo 'yan bindiga, da an rufe ramuka za a zauna lafiya"

An gwada wannan. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a duk faɗin Zamfara. A watan Maris na 2021 aka ƙara da hana shawagin jirage a sararin jihar. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Duk da haka, a makon farko na Janairun 2022 aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum hare-haren da mazauna suka ce sun ci rayuka kusan 200, gwamnatin jiha kuma ta ce 58. Hanin haƙar ma'adinan ya ci gaba har Disambar 2024 da aka ɗage shi. A tsawon waɗannan shekaru masu bin doka ne suka bar ramuka, masu bindiga suka gaje su.

Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce zinare yana ciyar da rikicin. An daɗe ana danganta jagoran 'yan bindiga Halilu Sububu, wanda sojoji suka kashe a Satumbar 2024, da ramukan yankin Anka. Amma tushen ya riga haka. Tun wajen 2011 satar shanu ta yi ƙamari, an cinye burtali da makiyaya da gonaki, mai ƙara ya je gaban hukuma ya dawo ba adalci, 'yan sa kai suka kashe mutane a kasuwa ba shari'a, ramuwa ta bi ramuwa, makamai kuma suka kwararo ta kan iyaka bayan rushewar Libiya. Manomi ya rasa gona, makiyayi ya rasa garke, dukkansu sun binne 'yan uwa. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙirga mata kusan 5,000 da aka mayar zawarawa, marayu sama da 25,000, da kuɗin fansa fiye da naira biliyan 3 a faɗin jihar. Yau kuɗin fansa da harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin shuka da kafin girbi sun ishi ɗan bindiga ko babu zinare.

Muna son bayanin da ke da sanadi ɗaya, saboda yana sa mu ji maganin ma ɗaya ne. Wanda ya kwana a filin sabuwar fadar Sarkin Anka da ba a gama ginawa ba, inda 'yan gudun hijira suka yi sansani, ba zai so a ce masa hanyar komawa gida doguwa ce ba. Amma doguwa ce, kuma ta ratsa ta kotu da burtali da makaranta, ba ta bakin rami kaɗai ba.

"Zamfara ce ta fi kowace jiha talauci"

Alƙaluman hukuma ba su ce haka ba. A binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019, kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara ne ke ƙasa da layin talauci, Sakkwato da Taraba da Jigawa kuwa sun haura kashi 87. A rahoton 2022, wanda ya duba lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli, Sakkwato ce a gaba, Zamfara tana da kashi 78. Wannan ba abin murna ba ne, mutum uku cikin huɗu adadi ne mai ɗaga hankali. Amfanin gyaran shi ne mu gane cewa wasu jihohin, waɗanda wasunsu ma ba su sha irin harin da muka sha ba, suna fama da ciwo iri ɗaya: yara ba sa makaranta, asibiti ya yi nisa, ruwan sha ba tsabta. Ko gobe aka ajiye bindiga, waɗannan suna nan suna jiran aiki.

"Ambaliya da kifewar kwale-kwale ƙaddara ce, ba abin yi"

Mun yi imani da ƙaddara, kuma malamanmu sun koyar da mu cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙon sababi. A watan Agusta na 2024 ruwa ya mamaye garin Gummi da kewaye, dubban gidaje suka lalace. Wata guda bayan haka, a tsakiyar Satumba, kwale-kwale ɗauke da manoma sama da hamsin da za su tsallaka zuwa gonakinsu ya kife a yankin, mutane da yawa suka rasu. Saukar ruwa ba a hannunmu take ba. Amma magudanar da shara ta toshe, da filin da aka yanka aka sayar a kan hanyar ruwa, da jirgin da aka ɗora wa fiye da ƙarfinsa, da rashin rigar ruwa ko ɗaya a ciki, duk ayyukan mutane ne. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA suna fitar da gargaɗi tun kafin damina ta kankama, sai dai gargaɗin yakan tsaya a Abuja da Gusau, bai isa kunnen mai unguwa ba.

Maganar tana yaɗuwa ne saboda tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, kuma a zaman makoki ita ce ta dace. Wurin da ba ta dace ba shi ne ofis, a bakin wanda aka ba amanar yashe magudana ko tsara mashigi.

"Tunda Kotun Ƙoli ta yi hukunci, kuɗin ƙaramar hukuma sun dawo hannunmu"

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Hukunci ne babba, kuma murnar da aka yi tana da dalili. Amma yanke hukunci daban, aiwatarwa daban. An shafe watanni ana jan ƙafa kan yadda za a buɗe asusu da wanda zai sa hannu, kuma shugaban da gwamna ya tsayar ya ci zaɓe ba ya zama mai cin gashin kansa don takardar kotu kawai.

Akwai wani ruɗani kuma da ke biye da wannan. Wasu suna jiran shugaban ƙaramar hukuma ya kawo ƙarshen 'yan bindiga, wasu kuma sun yanke cewa ba ya iya komai. Duka biyun sun kauce. Soja da 'yan sanda na tarayya ne, rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024 ta jiha ce. Abin da tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma shi ne kasuwanni da tashoshin mota, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci da harkar noma. Idan muka duba da kyau, yawancin abin da muke nufi da jin daɗin zama yana cikin wannan jerin. A ƙidayar 2006 Anka tana da mutum sama da 140,000, Gummi da Bukkuyum kowacce sama da 200,000, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin, ga waɗanda suka baro ƙauyuka suka cika hedikwatoci, suna sha daga rijiyoyin da ba a haƙa don yawansu ba.

Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa bisa doka, kuma abin da aka ware wa kowacce ana wallafa shi duk wata, da sunan Anka da Gummi da Bukkuyum a jere, ta ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga. Yawancinmu ba mu taɓa gani ba, shi ya sa hirar take ƙarewa a "sun cinye" ko "ba a ba su ba". Malamin makaranta ɗaya mai waya a Gwashi, ko Wuya, ko Gayari, ya isa ya buɗe takardar ya karanta wa majalisa adadin watan. Daga nan kansilan mazaɓa yana da tambayoyin da zai amsa a gaban mutanen da suka san gidansu: nawa ya shigo, nawa ya tafi albashi, wace rijiya aka gyara, kuma wane asibitin mazaɓa ne yake da ma'aikacin da ke kwana a ciki.